Asabar a bakin tafkin sura

Tun ƙarfe 7 na safe jirgin farko ya tashi daga filin da ke nan hamadar Arizona, iska a kwance. Masu saukar sura, wato masu dira daga jirgi da laima da ke kifo ta da gudu su shafi ruwan tafki kafin su sauka, su aka fara zubarwa a tsayin ƙafa 5,000, su kaɗai, don kada su haɗu da sauran jama'a wajen sauka. Laima na buɗewa kowa ya naɗe kyallen da ke rage mata ƙarfin buɗewa, ya sassauta ɗamarar ƙirji don fiffiken ya baje, sannan ya saki birki, wato igiyoyin biyu da ake ja a rage gudu ko a juya.

Mutumin da aka fi sa wa ido yau nauyinsa da kaya fam 200 ne, laimarsa murabba'in ƙafa 90, wato kusan fam 2.2 kan kowace ƙafa. Sabon shiga bai cika wuce fam 1 ba. Juyin digiri 270 yake koya. Da safe ya yi shi tsaf: ya zo daidai inda ya yi alama, ya ɗan riƙe birki, ya saki, ya rataya kan maɗauran gaba biyu da ke haɗa shi da gaban laimar, ya sassauta ɗaya ya juya yana taimakawa da ƙugu. Laimar ta kifa kai, ta miƙe don kanta dab da ruwa, ya riƙe ta da maɗauran baya, gudu na raguwa ya koma kan birki. Ƙafarsa ta ja layi a kan tafkin kamar an tsaga da wuƙa.

Bayan azahar labari ya canza. Da rana ta take, iska kan yi shara-shara, laima ta ƙara gudu, ta kuma ci tsayi fiye da na safe kafin ta miƙe. Shi kuwa a tsayin da ya fara da safe ya fara juyin. Rabin hanya duk wanda ke bakin tafkin ya ga ya yi ƙasa da yawa. Allah ya taimake shi shi ma ya gani: ya saki maɗauran gaba, ya daidaita fiffike, ya ja birki biyu tare da ƙarfi. Ya sha ruwa har wuya, amma da ƙafarsa ya fito.

Da ya nemi ceto da maɗauran baya, da wata maganar ake. Su kan sa fiffike ya yanke, ya daina ɗaukar mutum, ba gargaɗi, a gudun da birki bai isa ya yanke shi ba. A ganina wanda bai iya fasa juyi ba bai isa 270 ba, ya koma 90, ko ma maɗauran gaba biyu a miƙe ba juyi. Malaminsa ma abin da ya sa shi ke nan: ya hau sama da ƙafa 2,500, ya maimaita juyin, ya rubuta ƙafa nawa ya ci kowane karo, safe daban, rana daban.

Da yamma an duba na'urorin da ke buɗe laimar ajiya da kansu. Ta gama-gari kan tashi idan faɗuwa ta kai mita 35 a daƙiƙa kusa da ƙasa, kuma ƙaramar laima a kife na iya kai hakan. Haka Adrian Nicholas, wani gwanin dira da laima ɗan Birtaniya, ya rasu a Texel ta ƙasar Netherlands a 2005, ajiyarsa ta fito yana tsakiyar juyi. Mutum biyu aka samu ba su mayar da na'urarsu saitin masu gudu ba, wanda ba ya tashi sai faɗuwa ta fi haka sauri, aka cire sunayensu daga jirgin ƙarshe.