Kiristocin da ke da sassauci, wa zai saurare su?

Tun da aka sanar a watan Oktoban 2025 cewa Sarah Mullally ce za ta zama babbar limamiyar cocin Ingila, mace ta farko a wannan kujera, mutanenmu suka ɗauki zancen kamar na cikin gidansu a Facebook, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Abin da ya ba ni dariya, ranar ce na ga ɗan Izala da ɗan cocin Deeper Life bakinsu ya zo ɗaya a ƙarƙashin rubutu guda, wai Turawa sun lalace sun gama, har suna yi wa juna Allah ya ƙara basira.

To ni dai Musulmi ne, haifaffen cikin garin Kano, amma neman abinci ya sa rabin rayuwata a Sabon Gari nake yin ta, don haka zancen coci ba baƙo ba ne a kunnena.

Wannan Kiristancin mai sassauci da ake ta zagi fa ba jiya ya fara ba, kuma ba da auren jinsi ya fara ba kamar yadda samarinmu suka ɗauka. A Jamus ya tsiro tun ƙarni na 19, malamai irin su Schleiermacher da waɗanda suka biyo bayansa suka ce a karanta Littafi Mai Tsarki da idon tarihi, wa ya rubuta wannan sashe, yaushe, ga su wa, kuma in kimiyya ta zo da abu kar a yi faɗa da ita. Suka fi ba da ƙarfi wajen taimakon talaka da gyaran al'umma a kan zancen wuta da aljanna. Daga baya aka zo kan naɗa mata limanci, can a ƙarshe ne maganar jinsi ta shigo. Su kuma masu riƙon nassi kai tsaye ba su yi shiru ba, tsakanin 1910 da 1915 aka buga musu jerin maƙaloli a Amurka ana rabawa fastoci kyauta da kuɗin wasu attajiran man fetur, a 1925 ma har kotu aka kai wani malamin makaranta a jihar Tenesi don ya koyar da ra'ayin Darwin kan asalin ɗan Adam. Jaridun lokacin sun yi ta yi musu dariya, an ɗauka tasu ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Cocin Episkofal na Amurka, wato Angilikan can, 'yan ɗarika ɗaya da cocin Ingila, wanda shi ne uban tafiyar sassauci, yana da mabiya sama da miliyan 3 a shekarun 1960, yanzu ya koma wajen miliyan ɗaya da rabi. Cocin Ingila kuwa masu zuwa sujada a mako ba su kai miliyan ɗaya ba, ga gine-gine tsofaffi masu kyau ga benci babu kowa sai tsofaffi. Haihuwa ta yi ƙasa, 'ya'yan da aka haifa kuma suka ga in dai abin da fasto zai faɗa ran Lahadi shi ne abin da jarida ta faɗa ran Asabar, to gara su yi barcinsu.

Nan Najeriya kuwa labarin ya sha bamban. A 2003 da aka naɗa Gene Robinson bishop a cocin Episkofal ɗin alhali yana zaune da namiji ɗan uwansa, Peter Akinola shugaban Angilika na Najeriya a lokacin shi ya ja ragamar tawaye, a 2008 suka yi nasu taron a birnin Ƙudus wanda ya haifi GAFCON, ƙungiyar 'yan Angilika masu riƙon nassi, taron Lambeth na 2022 ma, wato babban taron bishof-bishof ɗin Angilika na duniya, Najeriya da Yuganda da Ruwanda ko leƙawa ba su yi ba. Katolika fa? A Disambar 2023 fadar Fafaroma ta fitar da takarda cewa limami zai iya sa wa masu zaman jinsi albarka ba tare da an kira shi aure ba, wata guda ba a yi ba bishof-bishof ɗin Afirka suka ce ban da nan. Metodis ta Amurka ta cire haramcin auren jinsi a 2024, abin ya zo ya raba reshenta na Najeriya biyu a Taraba har da asarar rai. Ga kuma dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14, wadda malamai da fastoci duk suka yi wa tafi. Kenan in wani yana jiran Kiristancin Turai ya sauka a Kano da kayansa cif, to ya nemi kujera ya zauna, jiran zai yi tsawo.

Akwai wani dattijo Bahaushe Kirista, tsohon malamin firamare, da muke zama a bakin shagon ɗansa in rana ta yi sanyi, ɗan ECWA ne na gargajiya mai littafin waƙoƙi da bangonsa ya sha liƙi. Na ce masa Baba, ku me ya sa kuka fi Turawan da suka kawo muku addinin zafi? Ya yi dariya ya ce "Ɗana, Bature ba ya kwana unguwa ɗaya da ku. In bishop ya yi abin kunya a Landan, ni za ku tare a bakin famfo da gori." Wallahi maganar nan ta shige ni, don gaskiya ce, Kiristan Arewa kullum yana jin ana auna shi da Musulmin da ke gefensa, wa ya fi riƙon addini, matar wa ta fi rufe jiki, don haka ko da yana da sassauci a ransa ba zai so a ce addininsa ne na sharholiya ba.

Amma babban dalilin a ganina tsoro ne. Ka shiga Sabon Gari ran Lahadi da safe, ka bi ta France Road ko Ibo Road ka ga yadda ake tare layi da duro da katako, samari sanye da kayan Boys Brigade suna laluben mutane da ɗan ƙarfen nan mai ƙara, wani cocin ma mace ba ta shiga da babbar jaka, 'yan sanda na zaune a gindin bishiya. Mutumin da sai an laluba shi kafin ya shiga ya yi addu'a, kana ganin wa'azin a zauna lafiya da kowa zai fi shiga kunnensa ko na wanda ya ce masa an kewaye mu, ku tashi tsaye? Kuma ba a banza tsoron ya zo ba. Rikicin cocin Fagge a 1982, na zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke a Oktoban 1991, na Mayun 2004 bayan kisan Yelwan Shendam, harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar BUK a Afrilun 2012, bam ɗin tashar New Road a Maris 2013. Mu ma muna da namu tabon, Maitatsine a 1980, Zangon Kataf a 1992, da bam ɗin babban masallacin Juma'a na cikin gari a Nuwambar 2014 da ya kashe sama da mutum 100. Kowane ɓangare yana da lissafin gawarwakinsa a ka, kuma mai zafin kai na kowane ɓangare da lissafin nan yake cin kasuwa. In malaminmu ya hau mumbari ya yi ɓaranɓarama, kafin la'asar an yanke bidiyon yana yawo a WhatsApp ɗin coci, fasto ya samu abin wa'azin Lahadi, nasa bidiyon kuma ya dawo mana ran Litinin. Ciyar da juna suke ba su sani ba, ko kuma sun sani.

Sai kuma talauci. Tsofaffin cocin mishan abin da suka riƙe mutane da shi makaranta ce da asibiti, har yau wane ɗan Kano ne bai san asibitin ido na ECWA ba, ko makarantar St. Louis da 'ya'yan Musulmi da yawa suka yi? To gwamnati ta karɓe yawancin makarantun mishan a shekarun 1970, tattalin arziki ya karye a shekarun SAP, shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, sai ga cocin Fentikos su Redeemed da Winners da ƙananan cocin saman bene sun zo da abin da mai jin yunwa ke son ji, za ka samu aiki, za ki samu miji, ciwon nan aikin maƙiya ne kuma yau zai fita. Amsa ɗaya tak babu kwana-kwana. Shi kuma mai sassauci in ka tambaye shi sai ya ce maka to ai malamai sun yi saɓani, a duba tarihi, a duba mahallin ayar. Wanda bai biya kuɗin haya ba ina ruwansa da mahalli. Mu ma ai haka aka yi mana, tun kafa Izala a Jos a 1978 wanda ya zo da ƙaƙƙarfar murya da amsa yankakkiya shi matasa suka bi.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne zancen mata. Angilika ta Najeriya har yau ba ta naɗa mace limanci, amma 'yan Fentikos ɗin da ake kira masu tsauri sun daɗe da fastoci mata, Margaret Idahosa tun rasuwar mijinta a 1998 take jan cocinsu a Benin. Kuma duk wanda ya san cocin Hausa ya san in Zumuntar Mata suka ɗaure zani suka ce a'a, to Rabaran sai dai ya haƙura. Don haka layin da Turawa suka ja tsakanin mai tsauri da mai sassauci bai cika zama daidai a kanmu ba.

Sassaucin da ni ya dame ni, wanda kuma nake ganin yana da sauran numfashi a nan, shi ne na yadda mutum ke kallon maƙwabcinsa. Josiah Idowu-Fearon da ya yi bishop a Kaduna ya karanci Musulunci har digiri, John Onaiyekan da Matthew Kukah na Sakkwato, manyan limaman Katolika, duk da Kukah yakan taka mana ƙafa wani lokacin, Fasto James Wuye da ya rasa hannu a rikici ya dawo yana aikin sulhu da Imam Muhammad Ashafa. Babu ɗayansu da zai ɗaura auren jinsi, a ma'aunin Landan duk 'yan mazan jiya ne, amma ba sa wa'azin cewa Musulmi abokin gaba ne. Kuma su ma sun sha a hannun nasu, lokacin da Idowu-Fearon ya karɓi muƙamin babban sakataren Angilika ta duniya a 2015 cocinsa na gida nesanta kansa ya yi da naɗin. A zamanin da Ayo Oritsejafor ke shugabantar CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, kuwa har sai da Katolika suka janye jiki daga cikinta na wani lokaci don ganin siyasa ta yi mata yawa.

Irin waɗannan mutane matsalarsu ba su da lasifika. Taronsu a ɗakin otal ake yi da ruwan gora da 'yan jarida, shi kuma mai zafin yana kan titi yana cikin wayar kowa. Kuma ba Kirista kaɗai ne zai yanke ko za su ɗore ba, da hannunmu a ciki, domin duk ranar da aka hana coci takardar fili a Kano ko aka tare wani da sunan ɓatanci aka yi masa hukunci a titi, to an kashe bakin fasto mai sassauci a gaban mabiyansa, sai ya rasa abin da zai ce musu. A Janairun 2012 lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna sallah a nan Kano, Musulmi kuma suka je coci-coci ran Lahadi, sai ga harin Boko Haram na 20 ga watan ya zo ya shafe labarin. Tikitin Musulmi da Musulmi na 2023 ya ƙara ɗaure jijiyoyi, ga 2027 ta ƙarato, na tabbata masu yankan bidiyo na ɓangarorin biyu sun riga sun sayi data.