Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kawu Ya Aike Ni Wajen Waɗanda Suka Rufe Shago

A makon jiya mun tsaya a inda kuɗin sallamata daga aiki suka shigo asusu, a ƙarshen shekarar 2022, na kuma ba ku labarin wakilin wani kamfanin sayar da soyayyar kaza da shinkafa da ya zo daga Legas yana neman masu karɓar hayar sunan kamfanin a Arewa. Wannan tsarin shi ne 'yan boko ke kira faranchayis: ka biya kuɗin shiga, su ba ka sunansu da fentinsu da sirrin girkinsu, kai kuma ka kama shago da kuɗinka, ka riƙa ba su wani kaso kowane wata.

Na riga na ga shagon a zuciyata, a kan titin Zoo Road, da gilashi da fitilu. Maman yara ce ta ce, "Abbansu, kafin ka sa hannu ka je ka gaida Kawu mana." Na san abin da take nufi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi fiye da shekara arba'in yana dillancin kayan kamfanoni a kasuwar Singa, har ƙafa ta hana shi fita. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin talla mai sheƙi da wakilin ya ba ni. Ya jujjuya shi, bai buɗe ba.

"Ɗan nan, rassa nawa suka ce suna da su?"

Na faɗa masa.

"To nawa suka rufe?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, ban tambaya ba."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya fara lissafa mini manyan sunayen da ya tarar a Kano yana saurayi: Kingsway, Leventis, John Holt, GBO. Ya ce a wancan lokacin in ka ce wa mutum wata rana za a nemi kantin Kingsway a rasa, zai ɗauka kanka ba daidai ba. "Suna ba ya riƙe kasuwa, ɗan nan. Wanda ke cikin shago yana ciniki ba zai faɗa maka gaskiya ba, don yana tsoron kamfani. Jeka ka nemo wanda ya fita. Kada ka yi cinikin biri a sama."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ganau ne a kan Mr Bigg's. Kamfanin UAC ne ya buɗe shi a Marina da ke Legas a 1986, daga wuraren cin abincin kantunan Kingsway ɗin da Kawu ya ambata. Akwai lokacin da rassansa suka kai wajen 170, yawancinsu a hannun masu hayar suna, kuma duk yaron da aka kai can ranar sallah sai ya yi mako yana ba da labari. A 2013 kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin 100 na harkar. Yau ka zaga gari ka ƙirga jar alamar nan, sannan ka ƙirga ta Chicken Republic da sauran waɗanda suka zo daga baya. Wanda ya sa hannu lokacin da sunan ke tashe, shekarun da suka biyo baya ya saya, ba ranar buɗe shago ba.

Babbar 'yata, wadda ke karatun kasuwanci a jami'a, ita ta ƙara buɗe mini ido a daren nan. Ta ce a Amurka doka ta tilasta wa duk kamfanin da ke ba da hayar suna ya miƙa wa mai saye wani kundi mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. Sashe na 20 yana nuna rassan da aka buɗe da waɗanda aka rufe cikin shekara uku, har da yadda za ka samu waɗanda suka bar harkar. Wato abin da Kawu ya faɗa a zaure, shi gwamnatin can ta mayar doka. Ta kuma ba ni labarin Quiznos, mai sayar da burodi da nama, wanda ya haura rassa 4,000 kafin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2014. Babban kukan masu shagunansa shi ne an ɗaure su sai dai su sayi kayan girki ta hannun kamfanin, a farashin da ya cinye ribarsu.

Kwana tara na yi ina cigiya kafin wani tsohon abokin aikina ya haɗa ni da wani bawan Allah a Kaduna, wanda ya taɓa riƙe reshen wannan kamfani da ke zawarcina. Na hau mota da asuba. Na same shi a wani ɗan shagon kayan gini da yake yi yanzu, ya sa aka kawo mini ruwa, ya kalle ni da tausayi.

"Malam, shekarar farko ka ga mutane har waje. Ba ƙarya suka yi maka ba, sunan yana kawo ciniki. Amma ka duba takardar da kyau: kasonsu daga ciniki ake cirewa, ba daga riba ba."

Wannan ita ce maganar da ta fi komai girgiza ni, ni da na yi rayuwata a kan lissafi. In ka sayar da abincin miliyan goma a wata, za su ɗauki nasu daga miliyan goman, ko da kai bayan ka biya haya da albashi da man janareto babu abin da ya rage maka. Ya ce a 2022, da litar dizal ta tashi daga wajen naira 300 ta doshi 800, firinji da tukunyar suya ba sa jiran wutar NEPA, dole inji ya kwana yana aiki. Ya nemi ya ƙara farashi, aka ce farashi daga Legas ake yanke shi. Ya nemi ya sayi kaza a gonakin da ke kusa da shi, aka ce sai ta wajen wanda kamfani ya amince da shi. Ana cikin haka aka ba wani izinin buɗe reshe a unguwar da ke maƙwabtaka da tasa, domin babu inda takardarsa ta ce yankin nasa ne shi kaɗai. Da ya gaji ya nemi sayar da shagon, sai ya tarar ko mai saye sai kamfani ya yarda da shi.

Na tambaye shi, "Alhaji, da za a mayar da kai baya, me za ka fara dubawa?"

Ya ce, "Inda kamfanin ke samun kuɗinsa. In daga cinikin abinci ne, zai damu da shagonka ya rayu. In daga kuɗin shigar sababbi ne da sayar muku da kaya, to ko ka rufe, gobe wani zai zo da kuɗin sallamarsa." Bai san ma kuɗin sallama ne a hannuna ba.

Ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba: wa ke da kamfanin, kuma in ya sayar, me zai faru da yarjejeniyarka? A lokacin na tuna Shoprite, wanda iyayen gidansa na Afirka ta Kudu suka sayar da harkarsu ta Najeriya a 2021 suka bar sunan a hannun wasu. Reshensa na Ado Bayero Mall, da aka buɗe a 2014 ana turereniya, an rufe shi a farkon 2024. Wannan daga baya ne, amma ranar da na ji labarin sai da na tuna zaman nan na Kaduna.

A motar dawowa na ciro biro na rubuta tambayoyina a bayan littafin tallan. Washegari na je wajen wani lauya ya binciko mini rajistar kamfanin a hukumar CAC, da ko sunan da za su ba ni haya ma nasu ne a rajistar tambarin kasuwanci. Sannan na kira wakilin, na ce ina son abu uku a rubuce: jerin rassan da suka rufe cikin shekara uku da lambobin masu su, lissafin kuɗin kamfanin da akanta mai zaman kansa ya tantance, da sharaɗin cewa ba za a buɗe wani reshe kusa da nawa ba.

Ya yi shiru a waya. Can ya ce akwai mutum biyu da ke neman Zoo Road, in ban biya kafin Juma'a ba zai ba wani.

Ranar Talata ce. Na ce masa zan jira takardun. Da na ajiye wayar hannuna na rawa, na tashi na nufi gidan Kawu. Abin da ya faru ranar Juma'ar, da wanda ya yi mini sallama a ƙofar gida da safe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.