Sau uku ina canza gilashi, ashe matsalar tana can bayan ido

Ƙannena, musamman ku da aka ce kuna da suga ko hawan jini ko sikila tun da ƙuruciyarku, da ku masu jinyar iyaye, ku zo ku ji wautar da na tafka da idona.

Ina da shekara 34 aka gano ina da ciwon suga. Likita ta rubuta min magani, ta haɗa min da wata takarda ta ce in je a duba min ido, ni kuma a raina na ce ina ruwan ido da suga, ai garau nake gani ko allura ta faɗi sai na tsinto ta. Takardar nan a jakata ta tsufa har ta yage. Bayan kamar shekara biyu hawan jini ya zo ya haɗu, shi ma maganin sai ranar da kaina ya sara nake sha, in na ji sauƙi in ajiye. Shi kuwa hawan jini ba ya jiran ciwon kai, daga 140/90 zuwa sama ɓarnarsa yake yi shiru.

Sai na fara gani dishi-dishi, yau garau gobe kamar hazo. Na ɗora wa waya laifi. Na je aka sa ni karanta haruffan nan na jikin bango, aka yanka min gilashi, sati uku ya daina yi min, na koma aka canza, ya sake dainawa, har sau uku fa wallahi, ina ta masifa wai masu gilashin ne ba su iya aiki ba. Ashe in suga ya hau, madubin da ke cikin ƙwayar ido kumbura yake yi, in ya sauka ya koma, shi ya sa awon yau ba zai yi daidai da na wani sati ba. Shi ya sa ake cewa ka daidaita sugan tukuna kafin ka yi gilashi.

Amma wannan ƙarami ne. Babbar ɓarnar tana can bayan ido, wajen wani tantani da ake kira ratina, shi yake ɗaukar hoton abin da kake kallo ya tura wa ƙwaƙwalwa. Cike yake da ƙananan jijiyoyin jini siraran gaske, suga yana cinye bangonsu a hankali su fara yoyo, wasu su toshe, sai ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari masu saurin fashewa, hawan jini kuma yana ƙara musu wuta. Kuma abin haushin ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi, ko kaɗan. Karatun haruffan bango ba ya nuna wannan. Sai an ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido likita ya leƙa ciki da fitila. Mai suga nau'i na 2, wato wanda ya fi kama manya, ranar da aka gano ciwon ya kamata ya yi wannan gwajin, don sau da yawa ciwon ya jima a jiki ba a sani ba, daga nan kuma duk shekara. Mai nau'i na 1, wanda ya fi farawa tun ƙuruciya, cikin shekara 5 da ganowa. Mace mai suga da ta samu ciki ita ma kar ta yi wasa, ciki na iya hanzarta abin.

Wata wautar kuma, idona ya taɓa yin ja na sayo maganin ɗigawa da kaina, yana aiki kamar sihiri, na riƙe shi wata da watanni. Ashe mai sitiroyid ne, wani sinadarin kwantar da kumburi, irinsu suna ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido su kawo glakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani, su kuma jawo yanar ido da wuri, alhali mai suga dama yana kusa da su biyun. Masu shan firednisolon, wanda shi ma sitiroyid ne, na dogon lokaci saboda asma ko ciwon gaɓoɓi, ku ma wannan maganar taku ce. Masu sikila kuwa, nau'in SC da ake raina wa don bai cika kwantar da mutum ba ya fi SS taɓa ratina.

Ranar da asirina ya tonu ina zaune ina karanta saƙo, sai na ga baƙaƙen ɗigo suna yawo a idon hagu kamar ƙudaje, na kai hannu zan kore su, sannan wani zare-zare kamar saƙar gizo. Jini ne ya zuba ciki. Irin wannan, ko ganin walƙiya a ido, ko ka ga kamar an ja labule a gefe guda, ba abin bari sai gobe ba ne.

An yi min leza, wato aikin da ake yi wa ratina da haske mai ƙarfi, an yi min allurai a cikin ido, e a cikin idon, ana kashe wajen ba zafi sosai amma fargabar kam ba a magana. Sun tsayar da ɓarnar, abin da ya tafi kuma bai dawo duka ba, har yau da idon hagu layin rubutu a karkace nake ganinsa. Yanzu ina bin gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3, ina ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da 7 kamar yadda likitata ta ce. Ranar duba ido kuma da ɗan rakiya nake tafiya da baƙin gilashi a aljihu, don bayan ɗigon buɗe ƙwayar idon nan sai ka yi awanni haske na kashe maka ido, tuƙi kam ba zai yiwu ba.