A Doguwar Gangara, Giya Ce Ke Riƙe Mota

Wanda ya koyi tuƙi a Zariya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya koya. Daga Samaru zuwa Kwangila, daga PZ zuwa Ƙofar Doka, babu gangarar da za ta wahalar da birki. Shi ya sa ƙafarmu ta saba da abu guda: in mota ta yi gudu, a taka birki. A cikin gari wannan ya wadatar. Amma ranar da mutum ya bi ta Pambeguwa da Saminaka ya hau Jos, ya nufi Akwanga ya tarar da doguwar gangarar Hawan Kibo a gabansa, wannan sabon zai iya jefa shi cikin hatsari tare da duk wanda ya ɗauko.

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota zafi. Takalmin birki ya matse faifai ko duram, gogayya ta haifar da zafi, iska ta kwashe shi. A gari kana takawa kana saki, yana samun damar hucewa. A doguwar gangara kuwa, in ka ɗora ƙafa ba ka ɗaga ba, zafin yana taruwa fiye da yadda iska ke iya kwashewa. Lodi yana ƙara shi, gudu ya fi ƙara shi: in ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da kai ya ninka sau huɗu.

Shanyewar birki iri biyu ce, kuma ƙafa tana bambance su. Ta farko, takalmin ne ya ɗau zafi har ya daina kamawa. Za ka ji birkin da tauri kamar kullum, amma motar ba ta saurare ka ba, ga ƙauri yana shigowa. Ta biyu ta fi muni: man birkin ne ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure kimanin digiri 205 a ma'aunin salshiyos, DOT 4 kuma 230. Sai dai man birki yana zuƙar laima daga iska, kuma in ya tsufa ya sha ruwa, DOT 3 kan sauko zuwa wajen 140, DOT 4 zuwa 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututun, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Motocinmu da yawa tun da aka shigo da su ba a taɓa juye musu man birki ba, ƙari kawai ake yi. A ce wa bakanike ya juye shi gaba ɗaya duk shekara biyu, ya fitar da iska a kowace taya.

Inji kuwa yana da nasa riƙon. In mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya inji, shi kuma yana turjewa saboda an toshe masa hanyar shaƙar iska. Ƙaramar giya ta fi riƙo: lamba biyu ta fi lamba uku, lamba biyar kusan ba ta riƙe komai.

Tun kana bisa tudu, kafin hancin mota ya sunkuya, za ka zaɓi giya. Ka rage gudu da birki, ka sa giyar da za ka hau wannan tudun da ita. In da lodi, ka ƙara sauka lamba ɗaya. Ka cire ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Inji zai ɗaga murya, allurar juyinsa ta kai 3,000 ko 4,000 a motar fetur, kuma wannan ba illa ba ce muddin ba ta shiga jan layi ba. A nan ne sababbin direbobi ke tsorata su koma babbar giya, alhali kukan nan shaida ce inji na aikinsa. In gudu ya haura abin da kake so, ka taka birki da ƙarfi na kamar daƙiƙa uku, gudu ya sauka da kilomita goma a awa, ka saki gaba ɗaya ya huce. Ka rage kafin kwana, ba a cikinta ba.

Mai otomatik ma yana da hanya. Ya sauke daga D zuwa 3 ko 2, ko L in gangarar ta yi tsanani. Wasu motocin suna da maɓallin O/D a jikin giyar, wanda in an kashe shi yake hana mota shiga babbar giya, wasu kuma alamar ƙari da ragi. Duk don wannan aka yi su.

Abin da ya fi damuna shi ne sakin mota a firi don a tsimi mai. Motar da ke da injekta, in tana gangarawa cikin giya ba a taka totur ba, kwamfutarta kan yanke fetur gaba ɗaya. A firi kuwa sai an ba inji mai don kada ya mutu. Ka ga ba a tsimi komai ba, an dai jibga wa birki dukan nauyin. Kashe inji ya fi haka hatsari: bayan taku biyu ko uku birki zai sandare saboda abin da ke taimaka masa da injin yake aiki, sitiyari ya yi nauyi, in ka murɗa makulli fiye da kima ya kulle.

Masu tirela da tanka lamarinsu daban ne. Injin gas ba ya riƙo sosai da kansa, shi ya sa ake sa masa birkin salansa, mai toshe hanyar hayaƙi don inji ya riƙe mota, kuma dole a tabbatar yana aiki kafin a bar tasha. Birkinsu na iska ne, yawan taka-saki da sauri yana zubar da iskar tanki, duram in ya yi zafi yana buɗewa ya nisanci takalmi. Kuma in babbar mota ta riga ta kwasa, giya ba za ta yarda ta shiga ƙasa ba, sai direba ya tsinci kansa a firi ba da son ransa ba.

In ka ji ƙauri ko birki ya fara laushi, kada ka jira. Ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallaka daga biyar zuwa biyu, musamman da damina, don tayoyi na iya zamewa. Ka ja birkin hannu a hankali, babban yatsa na kan maɓallin. Da ka samu wuri ka fita daga kwalta, ka bar motar cikin giya, ka sa wa taya weji. Kada a watsa wa faifan ruwa, zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. A ba shi rabin awa, sannan a gwada birkin a tsaye. In har yanzu yana nutsewa, motar ba ta tashi sai bakanike ya duba ta.