Kujerar kusa da ƙofa

Har yau in na shiga aji sai na tuna 28 ga Yuni 2023, ranar da wani tsohon ɗalibi ya faɗa ajin nazarin jinsi a Jami'ar Waterloo nan Kanada ya daɓa wa malama da ɗalibai biyu wuƙa, 'yan sanda suka ce ƙiyayya ce ta kai shi. Akwai ƙawata, mace take so ba namiji ba, tun ranar ta daina zama kusa da ƙofa, ko turo ƙofar aka yi da ƙarfi sai ka ga biro na rawa a hannunta. Jami'a ta cire lambobin azuzuwa daga intanet, to madalla, amma wallahi hankalinta bai kwanta ba sai da muka fara taka mata kullum da yamma har bakin bas.