Abin da na koya a bakin ruwan Ikoyi

Ni ɗan Yawuri ne, a wajenmu kwale-kwale abin neman abinci ne, da shi ake su da shi ake tsallaka Neja a kai kaya kasuwa. Shi yasa da na samu aikin wanke jirage a wata tasha a Ikoyi ta Legas, kan ruwan Five Cowrie, kaina ya ɗaure. Mutum ya zuba miliyoyi a jirgi mai injin Yamaha har biyu, ba haya ba kamun kifi, sai Asabar ko Lahadi a kwashi iyali a tafi shaƙatawa bakin teku a Tarkwa Bay ko Ilashe a dawo da yamma. A raina na ce wannan almubazzaranci ne kawai.

Ga ɗawainiya kuma, ruwan gishiri cin ƙarfe yake, duk dawowa sai mun wanke cikin injin da ruwan famfo, bayan damina kainuwa ta cika ruwan ta naɗe farfela, da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa wasu jiragen sai su yi wata biyu ba a tada su ba.

Amma akwai wani oga mai yara huɗu, shi bai fasa ba, sai dai ya rage nisa. Wata rana ina ɗaure igiya na yi ƙarfin hali na ce ranka ya daɗe wai me kake samu a ciki ne? Ya ce a gida kowa na ɗakinsa da wayarsa, shi kuma ya fita da asuba go-sulo ya riƙe shi sai dare, amma a ruwa ba inda yaro zai tashi ya tafi, dole a zauna a yi hira. Na lura kuwa, babban ɗan yake ba sitiyari ya tsaya a bayansa yana nuna masa, ƙaramar ita ke ƙirga rigunan kariya daga nutsewa kafin a tashi, uwar na raba abinci. Wallahi sai na tuna yadda babanmu ya koya min riƙe filafili, ban fi shekara 8 ba, kuma duk maganar da muka taɓa yi mai tsawo ni da shi a cikin kwale-kwale ne.

Ogan nan ba a tada inji sai ya taɓa rigar kowane yaro da hannunsa ya ji ta ɗauru. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya ci rayuka da yawa a Wara ta jihar Kebbi a 2021, abin ya tsaya min a rai sosai. Da zan je gida sallah rigunan kariya uku na saya wa yayana, na yara biyu da ta babba ɗaya.