Na sama shi ke ba da hanya: safiyarmu a sararin Kafadokiya

Sayen kaya ne ya kai ni Istanbul tare da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Da muka gama ɗaure kaya, saura kwana uku jirginmu ya tashi, sai na lallaɓe shi mu leƙa Kafadokiya, yankin nan na tsakiyar Turkiyya da ake hawa balan-balan mai tashi da zafin iska. Mun sauka a Kaisari da dare, mota ta kai mu garin Goreme cikin kamar awa ɗaya.

Ranar farko ba mu tashi ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ke duba yanayi kowace asuba, in ta ga iska ta yi ƙarfi sai ta ɗaga jar tuta, kowa ya koma makwancinsa. Ni haushi na ji. Kawu kuwa, wanda ya yi shekara ashirin yana jan tirela kafin ya koma kasuwa, cewa ya yi, "Ɗana, wanda ya iya hana ka tafiya shi ne za ka yarda da shi ran da ya ce ka tafi."

Washegari muna idar da sallar asuba aka kwashe mu. A fili muka tarar ana hura balan-balan ɗin da manyan fankoki, sannan aka sakar masa wuta daga tukwanen gas har ya miƙe tsaye. Kwandon saƙa ne, an raba shi ɗaki-ɗaki, matuƙi a tsakiya. Kafin ƙafarmu ta bar ƙasa sai da ya sa kowa ya gwada zaman sauka: ka ba wa inda aka dosa baya, ka lanƙwasa gwiwa, ka riƙe igiyoyin cikin kwando da hannu biyu, kuma ko an taɓa ƙasa kada ka fita sai ya ce. Dalili kuwa, in mutum ɗaya ya dira, nauyi ya ragu, abin zai iya sake tashi da sauran.

Na yi addu'ar hawa abin hawa, ban ma san lokacin da muka ɗaga ba. Ƙarƙashinmu duwatsu ne tsirara masu kama da rumbuna, an fafe su an yi gidaje da ɗakunan tattabaru. Kewaye da mu kuwa balan-balan ne ko'ina, na ƙirga har na gaji. A rana mai kyau sukan kai ɗari.

Kawu bai damu da duwatsu ba, hannun matuƙi yake kallo. "Tambaye shi, ina sitiyari? Ina birki?" Na tambaya. Mutumin ya yi dariya ya ce babu ko ɗaya. Sama da ƙasa kawai yake iya yi: ya ƙara wuta a hau, ko ya ja igiya ya buɗe murfin da ke can ƙololuwa, iska mai zafi ta fita, a sauko. Iskar sama da ta ƙasa ba gabas ɗaya suka fuskanta ba, don haka sai ya nemi hawan da iskarsa ta nufi inda yake so. Kuma in ya saki wuta, sai an ɗan jima kafin abin ya amsa.

Ashe wahalar tana wajen sauka. Iska ɗaya ce ta kwaso kowa, ta tara mu a kan 'yan filaye tsakanin gonakin inabi, ga wayoyin lantarki, waɗanda matuƙa suka fi tsoro. Wani balan-balan ya matso har tantinsa, wato ƙaton ƙyallen da ke riƙe iskar, ya gogi namu. Wata mata ta ƙwala ihu. Matuƙin ko a jikinsa. Ya ce tanti da tanti ba komai, kamar matashin kai biyu ne suka haɗu. Abin gudu shi ne kwando ya taɓa tantin wani, don zai yaga shi, iskar ta zurare. Haka ta faru a nan ɗin a watan Mayun 2013, 'yan yawon buɗe ido uku daga Burazil suka rasu. A Alis Sifirins ta Ostareliya ma, a 1989, irin wannan karo ya ci rai goma sha uku.

Bai gama rufe baki ba sai muka ga wani jan balan-balan yana tasowa daga ƙarƙashinmu, da alama filin da ya nufa ne bai yi masa ba. Matuƙinmu ya daina magana da mu. Ya danna wuta sau biyu masu tsawo, zafin har a ƙeyata, yana ta zuba Turkanci cikin oba-oba. Muka hau a hankali, jan ya wuce ta ƙasanmu, ina kallon murfin ƙololuwarsa sarai.

Da abin ya lafa ya ce doka ce: na sama shi ke kaucewa, domin na ƙasa tantinsa ya rufe masa sama, ba ya ganin kowa. Na fassara wa Kawu. Ya jinjina kai ya ce, "Ai mu ma a kan tudu mai hawa ake ba wa hanya. Gaya masa na sallama, direba ne."

Kaucewar nan ta sa filin farko ya wuce mu, muka ƙara kusan kwatan awa a sama, motar ma'aikata tana bin mu ta cikin ƙura. Aka ce, "Zaman sauka!" Muka durƙusa. Kwandon ya daki ƙasa, ya yi tsalle ɗaya, ya ɗan ja, matasa suka rataye a jikinsa suka tsai da shi, sannan matuƙin ya ɗan ƙara wuta suka tura shi kan tirelar motarsu.

Aka fito da kwalabe za a yi shagalin sauka lafiya, mu muka karɓi lemo. Kawu ya kurɓa, ya dube ni ya ce kada in kuskura in gaya wa mahaifiyata inda na kai shi sai mun isa Kano.